Hannun Yaro, Idon Malami: Tarken Hanyoyi Biyu na Koyar da Zane a Makarantun Nijeriya

Gabatarwa

Wata ranar Asabar cikin daminar bara aka gayyace ni bikin rufe wani aji na musamman da wata makarantar kuɗi ta garin nan take gudanarwa domin yaran da aka lura suna da hannun zane. Yaran ba su wuce 20 ba, shekarunsu daga 9 zuwa 14, kuma sun shafe watanni suna zuwa kowace Asabar. An manna ayyukansu a bangon zauren taro, bayan an umarci kowane yaro ya zana abin da ya shafi al'adar gidansu. A can ƙurya na tarar da aikin ɗan wani abokina, Bahaushe mai shagon kayan gyaran babur, wanda duk 'ya'yansa a nan kudu aka haife su. Yaron ya zana raƙumi da bukka da bishiyar dabino, ga wani mutum mai rawani a tsaye a gefe. Zanen ba shi da laifi, amma kuma ba shi da rai. Na jawo shi gefe na ce, "Kai, a ina ka taɓa ganin raƙumi?" Ya ce, "Kawu, a littafi. Anti ce ta ce tun da ni Bahaushe ne, abin Hausawa zan zana." Daga baya da na je gidansu ya nuna mini bayan littafinsa na lissafi, inda ya cika shafuka da hotunan babura. Wani an kwance masa inji, wani ɗan acaɓa ya kwanto da shi a kwana, fasinja ta dafe ɗankwalinta. Duk wanda ya ga waɗannan ya san yaron ya zauna a bakin shagon mahaifinsa ya duba da idonsa.

Ban kawo wannan labari don in ga laifin malamar ba. Abin da ta yi yana da tarihin da ya kusa cika shekara 100, ko ta sani ko ba ta sani ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta waiwayi malamai biyu da suka aza harsashin koyar da zane ga 'yan makaranta a ƙasar nan, wato Aina Onabolu da Kenneth Murray, ta duba abin da kowannensu ya ɗora wa hannun yaro. Zan ari kalmomi biyu da ɗaliban adabi suka saba da su, jigo da salo, domin su ne suka fi fayyace inda malaman suka rabu. Ra'ayin da zan kare shi ne, ajin da aka keɓe don koya wa yaro fasaha yana da haƙƙin ya tsananta masa a kan salo, amma ba shi da hurumin zaɓar masa jigo. Daga cikin malaman biyu kuwa, wanda aka fi yabo da ƙaunar al'adunmu shi ne ya fi keta wannan iyaka.

Onabolu da darasin nisa da kusa

An haifi Aina Onabolu a Ijebu-Ode a 1882. Babu makarantar da ta koya masa zane a yarintarsa, domin a wancan zamani makarantun mishan ba su ɗauki zane a matsayin darasi ba. Da kwaikwayon hotunan da ke cikin jaridu da mujallu da littattafan Turawa ya koya wa kansa, yana aikin akawu a ma'aikatar gwamnatin mulkin mallaka a Legas, yana zane a lokacin hutunsa. Hoton uwargidan Spencer Savage da ya yi a 1906 yana cikin ayyukansa na farko da aka fi ambata. A 1920 ya baje kolin ayyukansa a Legas, kuma a shekarar ya tafi Landan, makarantar zane ta St John's Wood, daga nan ya wuce makarantar Julian a birnin Faris. Ya dawo gida a 1922 da takardun shaida, abin da hukuma take nema kafin ta yarda mutum ya tsaya gaban aji. Daga nan ya shiga kewaya makarantun sakandaren Legas, irin su King's College da makarantar C.M.S., yana koyar da zane, har ya rasu a 1963.

Abin da Onabolu yake koyarwa shi ne abin da makarantun zane na Turai suka gada tun ƙarnoni: yadda ake auna tsawon gaɓoɓin jiki da junansu, yadda haske yake sauka a kan abu ya bar inuwa, da kuma, fiye da kome, dabarar nuna nisa da kusa a kan takarda, wato yadda layukan titi suke tsukewa har su haɗu a can nesa, da yadda abin da ke kusa yake girma na nesa ya ƙanƙance. Ya nace wa wannan darasi har ɗalibansa suka mayar da shi laƙabinsa, suna kiransa da sunan da in aka juya shi zuwa Hausa zai zama Malam Nisa-da-Kusa.

Dole mai karatu ya san dalilin wannan naci. Onabolu ya tashi a lokacin da Turawa da yawa suke faɗa a fili cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito kamar yadda yake ba, iyakarsa sassaƙar gumaka. Saboda haka duk hoton wani likita ko lauya ko limamin coci na Legas da ya zana, cikin shigarsa ta alfarma, hujja ce yake kafawa sau biyu: ga baƙar fata da ya cancanci a zana shi, ga kuma baƙar fata da ya iya zanawa. Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da yake Faris, masu zanen birnin sun daɗe da juya wa makarantar da ya je nema baya. Tun 1907 Picasso ya fara ɗebo siffofi daga sassaƙe-sassaƙen Afirka. Wasu manazarta suna ganin wannan a matsayin makantar Onabolu, wai ya je har bakin rijiya ya dawo da ruwan kwatami. Ni ban ga haka ba. Idan Picasso ya karkatar da fuska, sai a ce ya zaɓa. Da Onabolu ne ya karkatar, da cewa za a yi iyakar iyawarsa ke nan. Ya san da haka sarai.

Inda Onabolu ya gaza a fili yake. Salo ɗaya ya sani, shi kuma ya ɗauka a matsayin ƙololuwar fasaha. Sassaƙar Yarabawa da ke kewaye da shi bai ba ta gurbi a ajinsa ba. Yaron da ya fito daga gidan masassaƙa ya shiga ajin Onabolu, abin da zai fahimta shi ne aikin kakanninsa mataki ne da aka wuce. Wannan rashi ne babba. To, amma abin lura shi ne kayan aikin da ya miƙa wa na bayansa ba su ɗaure su a kan wani jigo ba. Akinola Lasekan, wanda ya bi sawunsa wajen zana abu yadda ido yake ganinsa, da wannan salon ya riƙa yin zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe daga tsakiyar shekarun 1940, yana yi wa mulkin mallaka shaguɓe. Wuƙar da aka wasa a makarantar Bature ce, amma mai ita ne ya zaɓi abin da zai yanka.

Murray da zanen ƙauye

Aikin ya yi wa Onabolu yawa shi kaɗai, sai ya dinga roƙon Sashen Ilimi a ƙaro malamai. Amsar roƙon ita ce Kenneth Murray, wani saurayi ɗan Ingila da ya sauka a Legas a 1927, yana da shekara 25 ko kusa da haka. Da wuya a ce Onabolu ya yi tsammanin wanda zai zo ya taya shi zai kasance mai ra'ayin da ya saɓa wa nasa baki ɗaya.

Kafin a fahimci Murray, sai an san iskar da take kaɗawa a ofishin kula da ƙasashen mallaka a lokacin. A 1925 wani kwamiti mai ba da shawara kan ilimin ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila ya fitar da takardar manufa, wadda gundarinta shi ne a daidaita ilimi da halayya da sana'o'i da al'adun kowace al'umma, kada a mayar da 'yan Afirka Turawan jabu. Sakataren wannan kwamiti ba baƙo ba ne gare mu. Hanns Vischer ne, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, makarantar da tun farkonta take da sashen koyon sana'o'in hannu. Manufar tana da daɗin ji a kunne, kuma ta dace da tsarin mulki ta hannun sarakuna kamar yadda murfi yake dacewa da tukunya. 'Yan bokon Legas kuwa kallon tarko suke yi mata, domin a ganinsu duk ilimin da aka ce an daidaita shi da baƙar fata, ragaggen ilimi ne.

Akwai iska ta biyu da ta taso daga Turai. A birnin Biyana, Franz Cizek ya buɗe ajin zane na yara tun ƙarshen ƙarni na 19, bisa aƙidar cewa yaro yana da fasaharsa ta kansa wadda koyarwar manya take ɓatawa, saboda haka aikin malami shi ne ya ba da takarda da fenti ya ja da baya. A shekarun 1920 wannan ra'ayi ya yi tashe a Ingila. Murray ya zo da iskokin nan biyu a cikinsa, kuma a nan ne aka yi haɗin da ya haifar da matsalar da nake magana a kai: abin da Cizek ya faɗa game da yaro, sai ya zama abin da ake faɗa game da ɗan Afirka.

Murray ya koyar a King's College da Queen's College a Legas, sa'an nan a kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuwahiya, waɗanda duka aka buɗe a 1929. A farkon shekarun 1930 ya ware 'yan ɗalibai kaɗan da ya ga suna da baiwa, ya ba su horo na musamman da nufin su zama malaman zane. Wannan rukuni, a iya cewa, shi ne aji na musamman na farko da aka keɓe wa fasahar zane a makarantun gwamnatin ƙasar nan. Bai ƙarfafa musu darasin nisa da kusa ba, haka ma auna gaɓoɓin jiki irin na makarantun Turai. Ya hana su kwaikwayon hotunan littattafai. Ya umarce su su zana rayuwar garuruwansu daga abin da suka riƙe a ka: kasuwa, da masu hawan kwakwa ɗebo bammi, da mata a rafi, da dodannin bukukuwa, da tatsuniyoyi. Ya kuma ƙarfafa musu sassaƙar itace. A 1937 ya kai ayyukan biyar daga cikinsu zauren baje kolin Zwemmer a Landan, su ne Ben Enwonwu, da C. C. Ibeto, da Uthman Ibrahim, da D. L. K. Nnachy, da A. P. Umana. An yaba, kuma a 1938 aka sake nuna ayyukan ɗaliban a bikin baje kolin daular Ingila a Gilasgo.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan, kuma rashin adalci ne a raina shi. Murray ya ɗauki aikin 'yan makaranta da muhimmancin da babu wani jami'in mulkin mallaka da ya taɓa ba shi. Ƙaunarsa ga fasahar ƙasar nan ta gaskiya ce. Shi ne aka naɗa mai kula da kayan tarihi a 1943, kuma da ƙoƙarinsa aka buɗe gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Legas a 1957. Bayan ya yi ritaya ma a Nijeriya ya zauna, a nan ya rasu a 1972. Abubuwa da dama da muke tinƙaho da su a yau, da ba dominsa ba da gara ta cinye su ko an yi waje da su.

Amma a dubi zanen ɗaliban nasa da idon mai nazari, a tambaya: mene ne na gargajiya a cikinsu? Takarda ba ta gargajiya ba ce. Fentin ruwa ba na gargajiya ba ne. Uwa-uba, ita kanta dabarar a tsaya daga waje a kalli kasuwa, a yanke ta cikin kusurwa huɗu, a rataya a bango don kallo, babu ita a fasahar Ibo ko ta Ibibiyo ko ta Yarabawa. Masassaƙin da ya sassaƙa fuskar dodo ba hoton biki yake yi ba, kayan bikin yake yi. Saboda haka abin da Murray ya ɗauko daga gida jigo ne kawai. Salon kuwa, wato shimfiɗaɗɗun siffofi marasa zurfi da launi mai sauƙi da rashin damuwa da ma'auni, na ajin yaran Turai ne. An hana ɗaliban salon Turai na manya da sunan kare al'ada, aka ba su salon Turai na yara. Su kuwa ba yara ƙanana ba ne, samari ne, Enwonwu yana da shekara 20 lokacin baje kolin Zwemmer.

A nan ne nake ganin kuskuren ya fi zurfi, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane shi. Aƙidar da ke ƙarƙashin wannan koyarwa ita ce fasahar gargajiya daga zuci take ɓuɓɓugowa, ƙa'ida kuwa ta Bature ce. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin babbar riga ya san ba haka abin yake ba. Aska biyu da aska takwas da tambari kowanne yana da gurbinsa da ma'auninsa, kuma yaron maɗinki zai daɗe yana cike gurbin da maigidansa ya zana kafin a yarda ya zana nasa. Mai zayyanar allo yana da lissafinsa na raba fili da daidaita kusurwa. Yaron makaɗi da ɗaukar kaya yake farawa, ya koma amshi, shekaru su shuɗe kafin a bar shi ya ja waƙa. Ko'ina aka duba, gargajiya horo ne mai tsanani a kan salo, da gyara, da maimaici, wani lokaci har da ranƙwashi. Ajin da ya ce wa yaro "zana abin gidanku yadda ranka ya ba ka" bai bi hanyar gida ba ko kaɗan.

Misalin Ladi Kwali ya isa hujja. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukunya a wurin gwaggonta a garin Kwali, da hannu, ba tare da na'urar juyi ba, har ta gwanance da zanen kunama da ƙadangare da kada da kifi a jikin randa. Tukwanenta sun kai gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, inda Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Cardew ya kafa a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ta koyi juyi da shafen ƙyalli da gashi mai tsananin zafi. Salo biyu ta koya, kowanne da ƙa'idarsa, kuma na biyun bai cinye na farkon ba. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Wanda ya tsallake shinge

Daga cikin biyar ɗin Zwemmer, mafi yawansu aikin koyarwa suka riƙe, kamar yadda aka shirya su, kuma ta hannunsu zanen ƙauye ya bazu cikin makarantu da littattafan karatu. Ɗaya ne sunansa ya zagaya duniya, kuma tarihinsa shi kansa tarke ne a kan ajin da ya fito. An haifi Ben Enwonwu a Onica a 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne, kuma ya gaji kayan aikinsa, wato ya shiga ajin Murray da wani horo na gida a hannunsa. Bayan ya gama ya koyar a wurare, har da birnin Binin, garin maƙeran tagulla. A 1944 ya sami tallafin karatu ya tafi Ingila, ya ƙare a makarantar Slade ta Landan, inda ake koyar da ainihin abubuwan da ajin Murray ya kauce wa: ƙirar jiki, da ma'auni, da zana mutum yana zaune a gabanka.

Duk wanda ya je gidan kayan tarihi na Onikan a Legas zai ga sakamakon. A jikin ginin akwai mutum-mutumin tagulla da Enwonwu ya yi tsakanin 1954 da 1955, mai suna Anyanwu, kalmar Ibo da ke nufin rana. Mace ce take miƙewa sama, jikinta ya tsuke daga ƙugu zuwa ƙasa har ya zama kamar tsinin mashi, hannuwanta a buɗe, adon kanta yana tuna wa mai kallo da kawunan tagulla na Binin. An ja tsawon jikin fiye da na kowace mace, amma kafaɗa da wuya da ƙirji suna nan inda ya kamata. Sai wanda ya san ma'aunin jiki ne yake iya karya shi haka ba tare da siffar ta rushe ba. A 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kwafinsa. Abin ban sha'awa, ginin da Murray ya yi wa fafutika shi ne yake ɗauke da aikin da koyarwar Murray ita kaɗai ba za ta taɓa haifarwa ba. Haka kuma aikin da ya sake tayar da sunan Enwonwu bayan rasuwarsa a 1994, wato Tutu, wanda aka sayar a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2, hoton fuskar wata gimbiyar Ife ne, da haske da inuwarsa. Wannan kuwa fagen Onabolu ne.

Chika Okeke-Agulu, a littafinsa Postcolonial Modernism na 2015, ya ƙalubalanci tsohon ra'ayin da ke ɗaukar Murray a matsayin uban fasahar zamani ta Nijeriya. A ganinsa koyarwar Murray 'yar'uwar mulki ta hannun sarakuna ce, Onabolu kuwa, duk da salonsa na Turai, shi ne yake cikin sahun masu ƙin yarda da gurbin da mulkin mallaka ya yanka wa baƙar fata. Na yarda da mafi yawan wannan. Inda nake ja da baya shi ne, bai kamata gyaran tarihi ya sa a manta da abin da ajin Murray ya bayar wanda ba ya cikin manhaja ba. Ya ba yara kaɗan lokaci mai yawa, da malamin da ya san hannun kowannensu, da masu kallo na gaske. Enwonwu ya tsallake shingen, amma a cikin shingen ne aka fara gaya masa cewa zane aiki ne da mutum zai iya ba rayuwarsa. Irin wannan kusanci ne ya fito da Jimo Akolo a Kwalejin Gwamnati ta Keffi a shekarun 1950, a hannun Dennis Duerden. Duk aji na musamman da ya ci sunansa da wannan yake cinsa, kuma saboda ƙarfin wannan kusancin ne kuskuren malami a irin wannan aji ya fi na malamin aji mai yara 80 illa. Yaron da aka zaɓa yana son ya faranta wa wanda ya zaɓe shi. In ya lura raƙumi ake so, raƙumi zai kawo.

Ɗaliban adabin Hausa suna da misali a gida da zai taimaka. Abubakar Imam, wanda ya fito ta gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga wurare barkatai, na Larabawa da na Indiya da na Turai. Duk da haka ban taɓa jin wanda ya ce littafin ba na Hausa ba ne, domin Hausancinsa a bakin mai ba da labarin yake, cikin zubin jimla da barkwanci da sanin inda za a tsaya. Da an ce wa Imam kada ya taɓa labarin da bai faru a ƙasar Hausa ba, da an yi mana asara, kuma da ba a ƙara wa littafin Hausanci ko na anini ba. Matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wannan suka gano ta fuskar zane. Da Okeke ya koma ga gida, salo ya nema, wato layukan uli da matan Ibo suke zanawa a jiki da bango, ya koye su kamar yadda ake koyon nahawu, ya zana abin da ya ga dama da su. To, amma su ɗaliban babbar makaranta ne, sun kai shekarun da za su yi wa malamansu gardama. Ɗan shekara 11 bai kai ba.

A manhajar ilimin shekara tara da aka fito da ita a 2007 an haɗe zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasaha. A makarantu da yawa da na leƙa, malami ɗaya ne yake riƙe da duka, kuma abin da yara suke yi shi ne haddar ma'anar kalmomi don jarrabawa. Wannan ya sa horo na gaske ya koma azuzuwan Asabar da na hutu, inda ake biya, irin wanda na faro da labarinsa. A waɗannan azuzuwa gadon Murray ne ya fi rinjaye, domin ya fi sauƙi. Cewa yaro ya zana al'adarsa ba ya bukatar malami ya iya zane, kuma yana yi wa iyaye daɗi ranar biki. Koyar da salo kuwa, na Onabolu ne ko na mai zayyana, sai wanda ya iya. A unguwar su yaron nan akwai masu ɗinkin hula aƙalla uku da na sani, waɗanda za su iya nuna masa yadda ake raba da'ira gida takwas ba tare da ma'auni ba, amma babu wanda ya yi tunanin gayyatar ɗayansu ajin, ko da sau ɗaya.

Na ƙirga babura 11 a bayan littafin lissafin nan. A duk inda babur yake tsaye a gicciye, ƙafafunsa sun fito daidai. A duk inda ya karkato yana fuskantar mai kallo, ƙafar gaba ta gagare shi, domin yana zana ta cikakkiyar da'ira, alhali ido a siffar ƙwai yake ganinta. Ya san akwai abin da bai yi daidai ba, don a shafi biyu ya goge wurin har takardar ta huje. Darasin Malam Nisa-da-Kusa ne, na rabin sa'a. Ya yi wata bakwai yana zuwa ajin Asabar, ba a nuna masa ba, domin ba a taɓa tambayarsa abin da yake zanawa in babu wanda ya sa shi ba.